Aikin toshe ƙofofin na'urorin gonar kajin Baffa

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Na fara aikin gonar Baffa ta hanyar Madobi. Abin da ya sa ya kira ni, tsohon manajan da suka rabu tun watan Nuwamba ne ya buga wa ɗaya daga cikin yaran gona waya yana masa tsiya, wai ya gan shi yana barci a kan buhunan abincin kaji a sito. Mutumin nan fa yanzu a Kaduna yake zaune. Baffa ya ce min "kai ɗana, ko dai aljani ne ko kuma kyamarorin nan ne, je ka duba min."

Abin da na tarar: kyamara shida da na'urar da ke naɗar hotonsu, sansa takwas masu auna zafi da danshi a ɗakunan kaji, biyar an gina su a kan ɗan allon kwamfuta mai WiFi da ake kira ESP8266, uku a kan ESP32, sai rile huɗu, wato suwic da ake sarrafawa ta netwok, masu manhajar Tasmota, da ke kunna fankoki da famfon bohol, sai ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 a ofis tana tafiyar da manhajar Mosquitto, wato mai karɓar saƙonnin da na'urorin ke aikawa ta tsarin MQTT tana rarrabawa, sai rautar 4G guda ɗaya. Duka a kan WiFi ɗaya, fasiwod ɗaya, kuma fasiwod ɗin nan babu wanda bai san shi ba, daga yaran gona har direbobin da ke zuwa ɗaukar ƙwai, na ga ma an rubuta shi da alli a bayan ƙofar ofis.

Na zauna a benci da laftof na yi sikanin da nmap, manhajar da ke nuna ƙofofin netwok da ke buɗe a kowace na'ura. Kyamarori biyu ƙofa ta 23 a buɗe take, telnet kenan, tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa a ba ta umarni. Ƙofa ta 1883 ta Pi ɗin ba ta tambayar suna balle fasiwod, na buga mosquitto_sub da alamar # sai ga komai na gonar yana zubowa, zafin kowane ɗaki da umarnin kowace fanka. Na tura umarni ɗaya na gwaji, fankar ɗaki na uku ta tsaya cak, Manaja na yanzu ya fito a guje. Na kunna na ba shi haƙuri.

Yanzu hunturu ne ba komai, amma duk mai kiwon buroila ya san abin da awa ɗaya babu fanka ke yi a watan Afrilu. Dole aikin nan ya ƙare kafin zafi.

Litinin, 13 ga Janairu

Baffa yana son ya ji ko Turawa ne ke masa leƙe. Na ba shi labarin Mirai saboda telnet ɗin can ita ce ƙofar da ta bi. A 2016 ne, wata manhaja ce da ke yawo a intanet tana ƙwanƙwasa ƙofa ta 23 da 2323, tana gwada suna da fasiwod na kamfani guda sittin da 'yan kai, irin su admin da admin ko root da 12345, duk kyamara ko rautar da ta buɗe ta zama sojanta. Ta kai wajen na'urori dubu 600 a lokacin da ta fi ƙarfi. Ranar 21 ga Oktoba 2016 aka juya su kan kamfanin Dyn, wanda ke nuna wa kwamfutoci adireshin manyan shafukan intanet, mutanen Amurka suka wayi gari Twitter da Netflix da Reddit ba sa buɗewa. Waɗanda suka rubuta ta samari uku ne, Paras Jha da Josiah White da Dalton Norman, sun amsa laifi a Disamban 2017. Kuma ba can nesa kaɗai ba, wani ɗan Ingila Daniel Kaye ya yi amfani da irinta ya danne kamfanin waya na Lonestar a Laberiya, aka ɗaure shi wata 32 a Janairun 2019.

Amma gaskiya ba wannan ne ciwon gonar nan ba. Na duba adireshin da rautar ke samu daga kamfanin layi, ba na fili ba ne, suna tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya, CGNAT kenan, don haka mai sikanin daga waje ba ya iso mu kai tsaye. Hanyar da hoto ke fita daban ce, kyamarar ce da kanta take kiran sabar kamfanin da ya ƙera ta, ta ce ga ni nan ga lambata, duk wanda ke da lambar da izini a manhajar waya sai a haɗa su. Fayawol, wato shingen da ke tace shiga da fita a netwok, ba ta hana wannan tunda daga ciki aka yi kiran. A 2019 wani mai bincike Paul Marrapese ya nuna wani tsarin irin wannan mai suna iLnkP2P da ke cikin na'urori sama da miliyan biyu, lambobin nasu ana iya cankarsu bi da bi. Ban ce namu irinsa ba ne, amma tsarin tafiyar ɗaya ne.

Tsohon manaja bai yi wani kutse ba. An ba shi izini, ya tafi, ba a karɓe ba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Sayayya a Sabon Gari. Rauta MikroTik ₦95,000, suwic mai ƙofa takwas da ke gane VLAN, wato raba netwok ɗaya gida-gida, ₦48,000, kebul da kawuna ₦22,000, ɗan abin haɗa sansa da laftof ta USB ₦4,000. Baffa ya ce suwic ɗin ya yi tsada, na ce ya lissafa kuɗin kaji ɗari.

Asabar, 18 ga Janairu

Na raba netwok ɗin gida huɗu: na kyamarori, na sansa, na rile, sai na mutane. Na mutane intanet kawai yake gani, ba ya ganin ko na'ura ɗaya ta gona, a ba direbobi fasiwod ɗin su sha YouTube ɗinsu. Rautar 4G ta koma aikin kawo data kawai, na kashe WiFi ɗinta da UPnP da WPS. Shi WPS ɗin nan, wato hanyar shiga WiFi da lambar PIN maimakon fasiwod, tun 2011 aka gano lambarsa takwas ana duba ta rabi-rabi, gwaji wajen dubu 11 ya ishi mutum ya fasa, har yau kuma ana sayar da rautoci da shi a kunne.

Abin da ya fi min daɗi a MikroTik ɗin shi ne za ka iya ba kowace na'ura fasiwod ɗin WiFi nata ita kaɗai, a ɗaure da lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke zuwa da ita. Lambar MAC ana iya kwaikwayonta, na sani, amma sai ka haɗa da fasiwod ɗin wannan na'urar takamaimai, kuma in ɗaya ta fita ita kaɗai zan goge.

Matsalar da na ci karo da ita: wanda ya yi aikin farko ya rubuta sunan WiFi da fasiwod a cikin kod ɗin sansa, babu wani shafin saiti, babu hanyar sabuntawa ta iska. Rile ɗin Tasmota sun zo da sauƙi, na shiga shafinsu na canza, na kuma sa musu fasiwod a shafin don haka yake zuwa babu, kai za ka sa. Su kuwa sansa takwas ɗin sai an hau tsani an kwance kowanne daga jikin azara an kawo ofis. Kuma ba ka shiga ɗakin kaji yadda ka ga dama, sai ka tsoma takalmi a ruwan magani ka canza riga, Manaja ba ya wasa da wannan, ya ce "Injiniya naka tsaron na waya ne, nawa na mura ne." Na nemi kod ɗin asali wajen mai aikin farko ya ce laftof ɗinsa ta lalace. To sai in rubuta sabo. Kafin nan na bar tsohon sunan WiFi ɗin da fasiwod ɗinsa a raye a wani lungu don sansa kaɗai.

Laraba, 22 ga Janairu

Ranar kyamarori, kuma ta ci min rai.

Canza fasiwod a na'urar naɗa bai fitar da tsohon manaja ba, saboda da akawun ɗinsa aka yi wa na'urar rajista a sabar kamfanin tun farko, a wajensu shi ne mai ita, Baffa baƙo ne da aka ba aron kallo. Ko risetin ka yi ɗaurin nan ba ya kwancewa. Na kira shi cikin mutunci, na ce "Yaya don Allah ka cire na'urar daga akawun ɗinka," ya ce sai Baffa ya biya shi wasu kuɗi da yake bi. Wannan ba hurumina ba ne. Na dawo na toshe wa gidan kyamarori hanyar intanet gaba ɗaya a fayawol, ba fita ba shiga. Ina kallon rajistar fayawol ɗin, na'urar tana ta neman sabarta babu gajiya, ana mayar da ita.

Kyamarori biyun masu telnet babu inda ake kashe ta a saiti, kuma fasiwod ɗin telnet ɗin daban yake da na shafin kyamarar, a cikin manhajarta aka dasa shi, mai kaya ba shi da ikon canzawa. Irin wannan ne ya sa kamfanin Xiongmai na China ya janye wasu kyamarorinsa daga kasuwar Amurka bayan abin Dyn. Namu babu ma sunan kamfani a jiki balle ka nemi sabuntawa. Na bar su a killace, na'urar naɗa kaɗai ke magana da su.

Da magariba Baffa ya kira, "ɗana na buɗe waya ba na ganin gona, gyara ka zo yi ko ɓatawa?" Na sa Tailscale, manhajar da ke buɗe keɓaɓɓiyar hanya tsakanin na'urorinka, a kan Pi ɗin da wayarsa, yana aiki ko a bayan CGNAT, a kan WireGuard aka gina shi. Yanzu sai ya kunna shi sannan ya buɗe kyamara ta adireshin cikin gida. Mataki ɗaya ya ƙaru kuma bai ji daɗi ba, amma jerin wayoyin da ke da izini yana hannunmu, wayarsa da ta Manaja da tawa. Akawun ɗin da sunan Baffa na buɗe, ba nawa ba, ba na Manaja ba.

Asabar, 25 ga Janairu

'Yan tsaki sun iso, kowa na ɗakin ɗumama. Hazo sosai, sola ba ta kawo komai ba. Na zauna gida ina rubuta kod.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An kwance sansa, bakwai aka kawo min ba takwas ba. Na ɗaki na biyar babu shi, sai waya tana reto. Babu wanda ya san yaushe ya tafi, a rajistar Pi saƙonsa na ƙarshe tun cikin Disamba ne kuma babu wanda ya lura don ɗakin babu kaji a lokacin. Mai yiwuwa wani yaro ne ya zata abin kuɗi ne.

Na nuna wa Manaja abin da ke cikin irin wannan ɗan allon. Na jona ɗaya da laftof, na kwafe filash ɗinsa, wato memorin da kod ke zaune a ciki, da manhajar esptool, na bi da umarnin strings, cikin 'yan mintuna ga sunan WiFi ga fasiwod ɓaro-ɓaro a allo, wanda ke bayan ƙofar nan da alli. Ya riƙe baki. ESP8266 ba shi da hanyar ɓoye abin da ke filash ɗinsa, duk wanda ya riƙe shi a hannu ya riƙe sirrin da ke ciki, wannan ba ya gyaruwa. Abin da ke gyaruwa shi ne yawan abin da sirrin ke buɗewa. Tsarin da na tarar kamar gidan haya ne mai ɗaki ashirin da aka yi wa kwaɗo iri ɗaya, ɗan haya ɗaya ya ɓatar da makulli sai an canza na kowa, shi ya sa ba a taɓa canzawa.

Daga yau kowane sansa da sunansa da makullinsa. Na kashe tsohon WiFi ɗin baki ɗaya. Na sayi ESP32 biyu, ɗaya madadin wanda ya ɓata ɗaya ajiya, ₦22,000.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na ƙirƙiri hukumar satifiket ta gona da openssl, wato abin da ke yanka wa kowace na'ura shaidar da ke tabbatar da ko wace ce ita, makullinta na asali yana kan filashin USB a durowar Baffa a gida, ba a kan Pi ba. Kowane sansa na yanka masa satifiket da sunan ɗakinsa. A Mosquitto na buɗe ƙofa ta 8883 mai TLS, wato tsarin da ke ɓoye saƙo ya kuma duba satifiket, na sa require_certificate da use_identity_as_username, wato sunan da ke jikin satifiket shi ne sunanka, ba abin da ka faɗa da bakinka ba. Shiga babu suna na rufe. Ashe ma tun Mosquitto 2.0 na ƙarshen 2020 a rufe yake zuwa, mai aikin farko ne ya buɗe da hannunsa don ya huta.

ESP32 sun shiga lafiya. ESP8266 kuwa sai da muka yi kokawa, memorinsu kaɗan ne, TLS kuma tana son wajen ajiya na 16KB don karɓar saƙo kaɗai, sai allon ya yi ta mutuwa yana tashi. Na koma satifiket na ECDSA maimakon RSA, na rage girman wajen ajiyar bayan na tabbatar sabar ta yarda da ƙananan gutsattsari, suka zauna. Na kuma sa sabuntawa ta iska mai fasiwod don kar a sake hawa tsani.

Rile ɗin Tasmota na ESP8266 ba sa zuwa da TLS sai ka haɗa naka, don haka suna nan a 1883, kowanne da suna da fasiwod ɗinsa, a gidansu su kaɗai. Nan ne wajen da ya fi rauni yanzu.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Daren jiya an yi asara.

Wajen ƙarfe biyu batiran inbata suka sauka saboda hazon nan ya hana su cika, komai ya mutu, Baba mai gadi ya tada janareta komai ya dawo, sai dai datar rautar ta ƙare tun da yamma babu wanda ya sani. ESP8266 ba shi da agogon da ke riƙe lokaci in wuta ta ɗauke, yana tashi yana zaton 1 ga Janairun 1970 ce, sai ya tambayi intanet ƙarfe nawa. Babu data, babu amsa. Ya duba satifiket ɗin sabar ya ga an rubuta ya fara aiki a 2025, a lissafinsa saura shekara 55, ya ƙi yarda da shi. Duka ESP8266 ɗin suka tsaya a waje, har da biyun da ke ɗakin 'yan tsaki.

Akwai jiniya a ɗakin mai gadi da Pi ke kunnawa in zafin ɗakin 'yan tsaki ya sauka. An tsara ta ne ta yi kuka in ta ga lamba ƙasa da ƙa'ida, to ba ta ga lamba ba sam, sai ta yi shiru. Gawayin tukunya biyu ya mutu. Baba ya ce kukansu ne ya ji ya canza, ya leƙa ya tarar sun taru a kusurwa sun hau kan juna, ya hura wuta ya tashi yara. Da safe aka ƙirga goma sha ɗaya sun mutu, yawanci na ƙasa da aka danne.

Baffa bai yi faɗa ba, ya dai ce "da can da babu tsaron naka jiniyar tana kuka." Kuma gaskiyarsa ce, tsohon tsarin ba ya tambayar kowa komai don haka ba abin da ke hana shi aiki. Duk wani bincike da ka ƙara a ƙofa, ka ƙara hanyar da na gida ma zai iya maƙalewa a waje, kuma a gona ƙarfe biyun dare ne ake gane hakan.

Gyara: Pi 4 shi ma ba shi da agogo mai batir, sai a Pi 5 aka sa. Zan saka masa DS3231, ɗan agogo mai batir, ya zama shi ne mai ba duk na'urori lokaci ta manhajar chrony, ko da data ko babu. Jiniya kuma daga yau shirun sansa na minti biyar daidai yake da sanyi a wajenta, ta yi kuka.

Laraba, 12 ga Fabrairu

DS3231 da batirinsa ₦4,500, sabon katin memori na ajiya ₦9,000. Na cire sim daga rauta na kashe wutar komai na kunna, duk sansa sun dawo da kansu. Na cire wutar sansa ɗaya, jiniya ta tashi, Baba ya ce ta fi ta da ƙara.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gane waye kai abu ɗaya ne, me aka yarda ka yi wani abu ne daban. Na rubuta fayil ɗin ACL, wato jerin izini: kowane sansa yana rubutu ne kawai a layin da ke ɗauke da sunansa, ba ya karanta komai, ba ya taɓa layin fanka. Rile suna karanta umarninsu kaɗai. Manhajar da ke kan Pi ce kawai ke ba da umarni. Na ɗauki satifiket ɗin sansan ɗaki na biyu na sa a laftof kamar ni ne ɓarawon, na tura a kashe fanka, babu abin da ya motsa.

Sai gwajin kora. Na soke wannan satifiket ɗin na sa shi a jerin sokakku, na sake tada Mosquitto, aka ƙi shi a ƙofa sauran suna aikinsu, sannan na yanka masa sabo. Abin lura ga masu son yin haka, shi kansa jerin sokakkun yana da ranar ƙarewa, in ta wuce ba ka sabunta ba OpenSSL zai ƙi kowa da kowa. Bayan abin ranar Lahadi ba na wasa da kwanan wata, na ba shi wa'adi mai tsawo na rubuta ranar a kalandar ofis da wayata da ta Manaja.

Fankoki: na saita rile su tashi a kunne duk lokacin da wuta ta dawo, kuma mai wayarin ya sa wa kowane ɗaki suwic na hannu da ke tsallake rile ɗin gaba ɗaya, kaya da aiki ₦30,000. In netwok ya haukace, yaro ya danna da yatsa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kuɗin kaya zuwa yau ₦234,500, ban da kuɗin mota da data.

Na rubuta takarda shafi ɗaya na ba Baffa da Manaja, abin da za a yi ranar da ma'aikaci ya bar aiki ko na'ura ta ɓata: a cire wayarsa daga Tailscale, a canza fasiwod ɗin WiFi na mutane, a kira ni in soke satifiket in goge lambar a rauta. Manaja ya gwada cire wayata da mayarwa da kansa ya iya. Ya kuma goge allin bayan ƙofa.

Kyamarori biyun nan ina son a canza su. A Ingila tun 29 ga Afrilu 2024 doka ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da fasiwod na kowa da kowa, jihar Kalifoniya ta riga su tun Janairun 2020, amma abin da ke kan tebur a kasuwa sai ka bincika da kanka. Na gaya wa mai shago zan zo da laftof, duk wadda ba ta tilasta min sa sabon fasiwod a kunnawar farko ba ko na ga ƙofa ta 23 a buɗe, ba na ɗauka. Ya ce ba a taɓa masa haka ba amma in zo.

Saura: rile huɗun su koma ESP32 don su samu TLS, wannan nake so a gama kafin tsakiyar Maris. Ɓoye filash na ESP32 da secure boot na ɗaga tukuna, saboda ana ƙona eFuse ne, wasu 'yan fiyus da ke cikin guntun, kuma in ka ƙona babu komawa, zan fara gwadawa a kan na ajiyar nan a gida. Ina kuma neman farashin ATECC608, ɗan guntun da ke riƙe makulli a cikinsa ba ya bari a karanto, in ya yi araha sansan ɗakunan da ke bakin katanga za su fara samu. Azumi ya matso, aikin tsani duk zan mayar da shi safiya. Ranar Talata zan kai wa Baffa lissafin rile.